Busa Mai Magana da Busa Mai Nuni: Faifan Miles Davis na 1959 da Bushe-bushen Sarauta a Ƙasar Katsina

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kallon hawan Salla a birnin Katsina ya san ba sai an gaya masa wanda ke tafe ba, domin tun kafin ido ya hangi rawani kunne ya riga ya sami labari. Ayarin 'Yandaka, Hakimin Dutsin-Ma, da na Maraɗi, Hakimin Kurfi, da na sauran hakimai, su kan wuce da algaita da ganguna bisa al'adar hakiman ƙasar Hausa. In kuwa kakaki ya yi ƙara, to, kowa ya san Sarki ne da kansa ya kusa.

Duk da haka akwai wani ra'ayi da a kan ji a bakin waɗansu 'yan boko, har da masu shirin zama malaman makaranta, wai busar fada ba ta kai a kira ta fasaha ba, tun da kakaki murya biyu kaɗai gare shi, alhali kakakin Turawa yana iya fitar da muryoyi fiye da talatin. Akwai kuma wani ra'ayin da ke kishiyantar wannan, na masu cewa kiɗan jaz na baƙaƙen Amurka duk daga ƙasar Hausa aka kwashe shi. Manufar wannan takarda ita ce a auna ra'ayoyin nan biyu da ma'auni guda, watau wani faifai da mabushin kakakin Turawa, Miles Davis, ya fitar cikin 1959, mai suna Kind of Blue. Dalilin zaɓensa shi ne, a cikinsa ne gwanayen da su ke da ikon busa muryoyi barkatai suka zaɓi su rage su da gangan.

2. Ma'anar waɗansu kalmomi

Kafin a shiga bayani ya kamata a daidaita kalmomi huɗu. Inda aka ce murya, ana nufin sauti guda mai tsayayyen kauri ko siranta. Inda aka ce tsani, ana nufin jerin muryoyin da makaɗi ya keɓe don ya gina waƙa da su, daga mai kauri zuwa siririya, kamar matakala. Dami shi ne muryoyi uku ko fiye da a ke bugawa lokaci guda, kamar yadda mai piyano ke danna maɓallai da dama tare. Taki kuwa shi ne awon lokaci da a ke rarraba kiɗa da shi, galibi bugu huɗu-huɗu.

3. Kakaki da algaita

Kakaki dogon bututu ne na ƙarfe, wanda tsawonsa ya kan kai ƙafa takwas ko fiye, ana harhaɗa shi lokacin busa a kuma raba shi in an gama. A da da farin ƙarfe ko tagulla a ke ƙera shi, daga baya maƙera suka riƙa amfani da gwangwanin kananzir. Ba shi da huda ko ɗaya da za a toshe da yatsa. Leɓen mabushi su ne ke karkarwa a bakin bututun, in ya sassauta su murya mai kauri ta fito, in ya ɗaure su ya ƙara iska sai bututun ya tsallaka zuwa murya ta sama. Tazarar da ke tsakanin muryoyin nan biyu ita ce wadda masana kiɗan Turai ke kira ta biyar. Wannan ba kasawar maƙeri ba ce, halin kowane bututu ne marar huda. Begilar soja ma haka ta ke, muryoyi kaɗan gare ta. Kakakin Turawa bai sami yawan muryoyinsa ba sai da aka ƙirƙiro masa maɓallai a farkon ƙarni na 19, waɗanda ke ƙara wa hanyar iska tsawo in an danna su.

Tarihin Kano ya ambaci kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya fara, tare da figini da takalmin gashin jimina. Littafin Tarikh al-Fattash kuma ya nuna Songhai ta same shi ne a yaƙin da Askiya Muhammadu ya kai ƙasar Ahir wajen 1500. Ke nan tun farkon shigowarsa ƙasashen nan kayan sarauta ne. A kan busa shi tare da farai da ƙaho, ranar Salla, da ranar naɗi, da fitar Sarki. A waɗansu fadoji, irin ta Zazzau, a kan yi busa da kiɗa kowane daren Juma'a a ƙofar fada.

Algaita dabam ta ke. Jikinta na itace ne da aka rufe da fata, tana da huda huɗu, a bakinta kuma akwai ɗan kara mai harshe biyu wanda shi ke karkarwa. Mabushinta ya kan cika kumatunsa da iska, ya riƙa tura ta da kumatun yayin da ya ke shaƙar wata ta hanci, saboda haka sautin ba ya yankewa. Sunanta daga Larabcin Magrib ya zo, inda a ke kiran 'yar'uwarta gaita.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne aikin da muryoyi biyun nan na kakaki ke yi. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kowace gaɓa ko dai ta hau, ko ta sauka, ko ta faɗo daga sama zuwa ƙasa, kuma ma'ana ta kan dogara da wannan. Kuka na hawaye gaɓoɓinsa biyu duk a sama su ke, kuka ta miya kuwa gaɓarta ta biyu a ƙasa ta ke. Wuya na jiki hawa ne da sauka, wuya ta wahala sauka ce da hawa. Har wa yau akwai dogon wasali da gajere. To, bututun da ke da murya ta sama da ta ƙasa, wanda kuma zai iya ja ko ya taƙaita, ya mallaki abin da a ke bukata don kwaikwayon karin jimla. Wannan shi ne asalin take. Mabushi yana busa karin kalmomin kirari, wanda ya san kirarin kuma sai ya ji kalmomin a cikin busar. Ba banza ba ne Hausar zamani ta ɗauki kalmar kakaki ta ba mai magana da yawun hukuma da shugaban majalisa.

4. Yadda jaz mai sanyi ya samu

An haifi Miles Davis cikin 1926 a Alton, jihar Illinois ta Amurka. Ubansa likitan haƙori ne mai abin hannu. Cikin 1944 ya tafi New York da niyyar karatu a makarantar kiɗa ta Juilliard, amma ba a daɗe ba ya koma bin Charlie Parker, mabushin saksafon, wanda shi da Dizzy Gillespie su ne jagororin wani salo da a ke kira bibop. Salon nan na gudu ne. Damin muryoyi ya kan sauya kowane taki, wani lokaci sau biyu a taki guda, mabushi kuwa dole ya ƙirƙiri karinsa nan take, ya kuma dace da kowane dami yayin da ya ke wucewa. Gwaninta a nan ita ce sauri da yawan muryoyi da hawa can ƙololuwa.

Davis bai kai Gillespie sauri ko hawa ba, hankalinsa kuma ya fi kwanciya da muryoyin tsakiya. Tun yana yaro malaminsa, Elwood Buchanan, ya hana shi karkaɗa murya, ya koya masa ya fitar da ita miƙaƙƙiya. Cikin 1948 sai ya haɗu da Gil Evans da Gerry Mulligan da John Lewis, suka kafa ƙungiya ta mutum tara, suka shigo da kayan busa masu taushin murya waɗanda ba a saba ji a bibop ba. Sun ɗauki waƙoƙi 12 a zama uku tsakanin Janairun 1949 da Maris na 1950, kamfanin Capitol kuma ya tattara mafi yawansu a faifai guda cikin 1957 da sunan Birth of the Cool. Daga nan sunan jaz mai sanyi ya bi wannan salo, watau busa a natse, ba ihu, ba gaggawa.

Mataki na biyu ya zo ne ta hannun George Russell, wanda ya buga littafi cikin 1953 yana nuna cewa ana iya gina ƙirƙira a kan tsani maimakon a kan jerin damuna masu sauyawa. Davis ya gwada haka a waƙar Milestones cikin 1958, sa'an nan ya gina faifai sukutum a kansa a shekara mai bi.

5. Faifan kansa

An ɗauki Kind of Blue a zama biyu kacal, ran 2 ga Maris da ran 22 ga Afrilu, 1959, a wani tsohon coci da kamfanin Columbia ya mayar ɗakin ɗaukar sauti a New York. An fitar da shi ran 17 ga Agusta na shekarar. Davis ne a kan kakaki, John Coltrane da Julian Adderley a kan saksafon, Bill Evans a kan piyano, sai waƙa guda da Wynton Kelly ya karɓe shi. Paul Chambers ne ke kaɗa ƙaton gogen nan mai tsayin mutum wanda a ke tsinkar tsarkiyarsa da yatsa, Jimmy Cobb kuwa na kan ganguna. Waƙoƙi biyar ne, duka ba su fi minti 46 ba. Davis bai kawo musu cikakken rubutu ba, 'yan zane-zane ne na tsani da ɗan kari, aka bar sauran ga kowane mutum.

Waƙar farko, So What, ita ce ta fi bayyana dabarar. Zagayenta taki 32 ne. Taki 16 na farko a kan tsani guda su ke, wanda a ke samu in an bi fararen maɓallan piyano daga muryar da Turawa ke kira D. Taki 8 na gaba sai a ɗaga tsanin duka da rabin mataki, taki 8 na ƙarshe kuma a komo gida. Inda mabushin bibop zai tsallake damuna talatin ko fiye a zagaye guda, a nan sauyi biyu kaɗai zai tarar. Mai ƙaton goge ne ke faɗin jigon waƙar, sauran su amsa masa da dami biyu, na farko dogo na biyu gajere, kamar yadda 'yan amshi ke karɓa wa mawaƙi. Sa'ad da Davis ya shigo, ya kan busa 'yar gajeriyar jimla, ya yi shiru, ya bar ganga da goge su ci gaba, kana ya kawo wata jimlar da ke amsa ta farko. Coltrane da ya biyo shi a kan tsanin nan dai sai ya cika fili da muryoyi. Ke nan tsani ɗaya ya ɗauki mai taƙaitawa da mai yalwatawa.

Waƙar ƙarshe, Flamenco Sketches, ba ta ma da tsayayyen kari. Tsani biyar aka jera, kowane mabushi ya zauna a kan kowanne gwargwadon yadda ya so kafin ya wuce na gaba. A wannan, da kuma Blue in Green, Davis ya toshe bakin kakakinsa da wani murfi na ƙarfe, ya matso kusa da na'urar ɗaukar sauti, sai muryar ta fito siririya kamar raɗa. Faifan ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi saye a tarihin jaz. Cikin 2019 aka tabbatar an sayar da miliyan 5 a Amurka kaɗai.

6. Inda suka yi kama

Kamanni na farko shi ne tsimin murya. Abin da faifan nan ya nuna shi ne, in aka rage yawan muryoyi, nauyin fasaha sai ya koma kan waɗansu abubuwa: lokacin da aka shigo, tsawon da aka ja, ƙarfin farkon murya, da wurin da aka yi shiru. Hausawa sun ce shiru ma magana ce. Waɗannan abubuwa su ne ainihin abin da fadawa ke bambanta gwanin kakaki da ɗan koyo da su, tun da muryoyinsu biyu ɗaya ne. Saboda haka wanda ya ƙidaya muryoyi ya yanke wa kakaki hukunci ya yi awo da mudun da ko a New York an ajiye shi tun 1959.

Na biyu shi ne zama a kan tsani guda. Mai algaita ba ya bin jerin damuna. Yana da 'yan muryoyinsa, yana jujjuya su, yana ƙawata su, ganguna na riƙe masa da lokaci. Abin da ya zama sabo ga makaɗan jaz a 1959 daɗaɗɗen abu ne a ƙofar gidan hakimi. Na uku kuwa shi ne kira da amshi, wanda aka riga aka ambata.

7. Inda suka rabu

Bambancin ya fi kamannin zurfi. Kakaki kalmomi ya ke faɗa, kuma kalmomin na wani ne. Take mallakar sarauta ne, mabushi ba shi da izinin sauya shi yadda ya ga dama, in ya sauya karin ma'anar ta ɓace. Busar Davis ba ta ɗauke da kalma ko ɗaya. Gaskiya ne masu sauraro da yawa su kan ce suna jin sunan waƙar So What a cikin amshin nan na dami biyu, amma Ingilishi ba harshe ne mai karin sauti irin na Hausa ba, don haka wannan nuni ne kawai, ba a iya fassara shi kamar yadda bafade zai fassara take gaɓa da gaɓa. Mabushin fada ana yabonsa in ya faɗi abin da aka sani daidai. Mabushin jaz ana yabonsa in ya kawo abin da ba a taɓa ji ba.

Matsayin mabusan ma ya bambanta. A ƙasar Hausa busa sana'ar gado ce, mabusa na cikin rukunin maroƙa, suna da sarautunsu irin su Sarkin Busa da Sarkin Kakaki, suna kusa da Sarki amma darajar da busarsu ke shela ta Sarki ce. Davis kansa ya ke busa wa, sunansa ne a kan faifai, an kuma san shi da ƙin yi wa 'yan kallo dariya ko fadanci. Amma wannan bai tsare shi daga wulaƙancin launin fata ba. Ran 25 ga Agusta, 1959, kwana takwas bayan fitar faifan, 'yan sanda suka fasa masa kai a ƙofar gidan rawa na Birdland inda ya ke aiki, don ya ƙi matsawa da aka ce ya matsa.

8. Batun asali

Saura ra'ayi na biyu. Lalle akwai zare tsakanin faifan da Afirka ta Yamma, amma ya kamata a bi shi inda ya bi. Davis ya faɗa a tarihin rayuwarsa cewa ya kalli ƙungiyar rawa ta ƙasar Gini, wadda Keita Fodeba ya kafa, kiɗansu ya shige shi, ya kuma yi ƙoƙarin kamo sautin wani ɗan abin kiɗa na yatsa da ya ji, ko da ya ke a ganinsa bai kamo shi ba. Wannan zare Gini ya nufa. Haka kuma Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999, ya kawo hujjar cewa salon waƙar bulus, wadda ita ce uwar jaz, ya fi kama da kiɗan yankin da ya taso daga Senegal da Mali ya bi ta arewacin Nijeriya har Kamaru, inda a ke waƙar mutum ɗaya da goge ko molo, da jan murya mai lanƙwasa. Wannan ra'ayi ne mai ƙarfi, amma magana ce a kan yanki mai faɗi da kuma bayin da aka kwashe ƙarnoni da suka wuce. Ba ta nuna cewa kakakin Davis jikan kakakin fada ba ne. Kakakinsa ƙirar Turai ne, ya shiga hannun baƙaƙen Amurka ta hanyar badujalar soja.

Haɗuwar da aka tabbatar daga baya ta zo. Louis Armstrong ya ziyarci Nijeriya cikin 1960, har ya gana da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Yusef Lateef, wanda ya yi busa a ƙungiyar Adderley a farkon shekarun 1960, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana binciken kiɗan ƙasar nan, musamman sarewar Fulani.

9. Abin da ya rage ga malamai

Busar kwana biyu ta 1959 tana nan har yau domin an ɗauke ta, an rubuta ranar, an rubuta sunan kowa. Duk da wannan kulawa an sami kuskure biyu da ya kamata mai bincike ya yi wa kansa gargaɗi da su. Na'urar da ta ɗauki zaman farko ta ɗan yi nawa, saboda haka waƙoƙi uku na farko suka fito da ɗan sauri da siranta fiye da yadda aka busa su, ba a kuwa gyara ba sai 1992. Sa'an nan an rubuta Blue in Green da sunan Davis shi kaɗai, alhali Bill Evans ya daɗe yana cewa shi ya tsara ta.

Take ya fi faifan jaz saurin salwanta, domin rabinsa na cikin bututu, rabinsa na cikin kan mai sauraro. In aka ɗauki sautin ba a rubuta kalmomin ba, ranar da tsofaffin da suka san kirarin suka ƙare sai a wayi gari da murya biyu kurum, masu cewa ba fasaha ba ce kuma su ga kamar sun yi gaskiya. David Ames da Anthony King sun share hanya da aikin da suka yi a Zazzau da Katsina, wanda ya haifi ƙamus ɗinsu na kalmomin kiɗan Hausa cikin 1971. Dutsin-Ma tana da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, tana da Jami'ar Tarayya tun 2011, ga kuma fadar 'Yandaka a cikin gari, ta Maraɗi na Kurfi ba nisa. Aikin da ɗalibi zai iya yi a hutu guda shi ne ya nemi izinin hakimi, ya ɗauki kowane take sau biyu, ya sa mabushin ya faɗi kalmominsa da baki, ya rubuta su da alamar karin sauti da tsawon wasali, ya rubuta sunan mabushin da na wanda ya koya masa, da ranar, da irin na'urar da aka yi amfani da ita.

A aji kuwa, malami na iya sa wa ɗalibai minti uku na farkon So What, sa'an nan ya sa musu take guda na kakaki ko na algaita, ya ce su ƙidaya wuraren da kowane mabushi ya yi shiru, su kuma faɗi abin da ya cike gurbin. Daga nan sai ya rubuta kalmomin taken a allo, ya sake sa busar, ya bar su su bi ta gaɓa da gaɓa.